Yadda ake ƙera abin haɗa kan wayar kuloci da ta totur a gida

Mai Tsohon Babur:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a wannan aiki. Ina gyaran wani tsohon babur wanda aka daina ƙera kayansa, kuma na sanya masa kai mai ɗan tsawo fiye da na asali, saboda haka wayar kuloci da ta totur da ta birkin gaba duk sun gaza kaiwa. Waɗanda ake sayarwa a haɗe ko dai su yi tsawo har su riƙa lanƙwashewa a bayan fitila, ko kuma kan wayar ya ƙi shiga ramin liba. Na samo wayar ciki da kube, wato bututun da wayar ke bi ta cikinsa, a dunƙule, na samo kawunan tagulla iri-iri, sai dai ban san yadda zan kafe kan a jikin waya ta yadda ba zai zame ba. A yanzu ina amfani da irin kan da ake ɗaurewa da sukuru, amma a kuloci yana ja da baya a hankali, har sai an wayi gari liba ta saki.

Na ji cewa masu haɗa waya da hannu suna da wani ɗan ƙarfe da suke matse wayar a ciki su buɗe bakinta kafin su zuba dalma. Ina so in ƙera irinsa da kaina. Kayan da nake da su su ne mamatsin teburi, injin huda, magagari, zarton ƙarfe da wutar gas. Wane irin ƙarfe zan nema, yaya girman ramukan zai kasance, kuma wace dalma ce ta dace? Sannan ina so a gaya mini gaskiya ko ya kamata mutum ya haɗa wayar birki da hannunsa.

Tsohon Makaniki:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kayan da ka lissafa sun isa, amma kafin ka taɓa ƙarfe ina so ka riƙe abu guda, domin a kansa dukkan aikin ya rataya: ba dalma ce ke riƙe waya ba. Dalma abu ce mai taushi, kuma idan ka zura waya a miƙe cikin kan tagulla ka cika ramin da dalma, za ta riƙe na ɗan lokaci sannan ta zame, galibi a daidai lokacin da ka matsa liba da ƙarfi. Abin da ke riƙewa shi ne dunƙulen da ake yi da zaren wayar kanta, wanda ya fi ramin kan faɗi, ta yadda ko da an ja ba shi da hanyar wucewa. Aikin dalma shi ne ta cika tsakanin zaren ta hana dunƙulen sake tsukewa. Ɗan ƙarfen da kake tambaya a kai an yi shi ne don samar da wannan dunƙule kawai.

Ka nemi sandar baƙin ƙarfe na yau da kullum, ba mai tauri ba, ka yanko guda biyu daidai da juna. Tsawon milimita 60, faɗin 20, kaurin 12 ya wadatar. Ka goge fuskokin da za su haɗu da magagari har sai ka haɗa su ka ɗaga sama ba ka ga haske yana ratsawa ba. Daga nan ka matse su tare, ka huda ramuka biyu na milimita 5 ko 6 da za su ratsa su biyun ta gefe, ɗaya a kowane ƙarshe, ka sanya gajerun sanduna a ciki. Sandunan su kafu a ɓangare ɗaya, su riƙa zamewa a ɗayan. Wannan shi zai sa duk lokacin da ka buɗe ka rufe, rabin rami ya haɗu da rabinsa ba tare da kuskure ba.

Sai babban wurin. Ka sanya ɗan kwali mai laushi tsakanin ƙarafan biyu, irin mai kaurin kusan milimita 0.2 zuwa 0.3, ka sake matsewa, sannan ka huda daga sama zuwa ƙasa a kan layin haɗuwar, ta yadda rabin ramin zai faɗa a kowane ɓangare. Ka yi uku: na milimita 1.5 domin totur, na 2 domin kuloci, na 2.5 domin birki, amma ka auna wayar da ke hannunka tukuna domin ramin ya bi kaurinta. Idan ka cire kwalin, ramin zai ragu da gwargwadon kaurin kwalin, kuma wannan ɗan ragin ne zai kama wayar idan ka matse. In ba ka sa kwalin ba, ƙarafan za su haɗu da juna kafin su kama waya, sai ka buga ta sulale ƙasa.

Bakin huda na milimita 1.5 yana saurin karyewa. Ka fara tsaga ɗan layi marar zurfi da magagari mai kusurwa uku a kowace fuska domin bakin ya sami hanyar bi, ka ba injin gudu, ka sa mai, ka riƙa ɗagowa kana fitar da garin ƙarfe. Bayan ka gama, ka kashe kaifin bakin kowane rami sama da ƙasa. Ƙaramin kaifi ya isa ya yi wa zare ɗaya rauni, kuma daga zaren da ya ji rauni waya ke fara tsinkewa. A saman kowane rami ka ɗan faɗaɗa shi da babban bakin huda, zurfin kusan milimita 2, domin dunƙulen ya sami wurin zama.

Abu na biyu shi ne mabugi. Ka samo sandar ƙarfe mai kaurin milimita 8 ko 10, ka daidaita bakinta, ka huda ɗan kwarmi a tsakiya da bakin huda na milimita 4 ko 5, kada ya yi zurfi. Idan kana da ƙwallon boris, ka ɗora shi a kan kwarmin ka buga da guduma, zai mulmule cikin ya yi sumul. Yana da kyau ka yi biyu, ƙarami na totur da babba na sauran.

Yadda ake aikin kuwa, ka zura kan tagullar a waya tun farko, faffaɗan bakinsa yana duban ƙarshen waya. Ka matse wayar a cikin ƙarafan, ka bar abin da ya kai ninki biyu zuwa uku na kaurinta a sama. Ka kifa kwarmin mabugi a kan bakin wayar yadda zai tattara dukkan zaren, ka riƙa bugawa a hankali kana juya mabugin. Saboda an riƙe bakinsu a sama an kuma riƙe gindinsu a ƙasa, zaren ba su da wurin zuwa sai su kumburo ta gefe su zama dunƙule mai fili a ciki. Wannan filin ake so, domin nan dalma za ta shiga. Idan ka buga da ƙarfi ka daddage shi, ka toshe hanyar dalma kuma ka karya zaren. Sai ka buɗe ƙarafan, ka jawo kan tagullar sama har dunƙulen ya zauna a cikin faffaɗan bakinsa. Kafin ka kusanci wuta ka ja kan da hannu da ƙarfinka. Idan ya zame tun babu dalma, dunƙulen bai yi ba, ka yanke ka sake.

Maƙerin Zamani:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma na yarda da shi cewa dunƙule ne gaba da komai. Zan ƙara abin da ya shafi dalma, domin a nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa bayan sun yi dunƙule mai kyau.

Ba na son a ɗora harshen wuta kai tsaye a kan waya. Zaren wayar siriri ne ƙwarai, kuma ƙarfinsa ya samo asali ne daga yadda aka ja shi a masana'anta. Da zarar ya yi ja, ko ma ya fara shuɗi, wannan ƙarfin ya tafi kuma ba ya dawowa. Wayar za ta yi kyau a ido, amma za ta tsinke a daidai gindin kan. Saboda wannan dalilin ne ma ba a amfani da sandar azurfa ta walda, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 600. Abin da ya dace shi ne ƙaramar tukunyar dalma. Murfin bututun ƙarfe ya isa, muddin ba a rufe shi da zinki ba, ko wani ɗan kofin baƙin ƙarfe mai kauri. A kafa shi yadda ba zai kife ba, a hura masa wuta daga ƙasa, a narka dalmar da za ta kai zurfin da zai nutsar da kan waya.

Dalmar liƙi haɗi ce, kuma mai kashi 60 na kuza da kashi 40 na zallar darma tana fara narkewa a digiri 183, ta gama a kusan 190. Wadda ba ta da darma, ta kuza da ɗan azurfa, tana narkewa a kusan 221, ita ma tana aiki sosai. Ko wacce ka zaɓa, ka bar ta ta ɗan wuce inda ta narke domin ta yi ruwa-ruwa, amma idan ka ga samanta yana saurin yin baƙi, zafin ya yi yawa. Ka kwashe dattin sama da wani ɗan ƙarfe busasshe kafin kowace tsomawa.

Waya sabuwa tana zuwa da mai a tsakanin zarenta, kuma dalma ba ta kama wurin da akwai mai. Ka wanke ƙarshen da asiton ko sifirit nesa da wuta, ka bari ya bushe sarai. Kada ka yi amfani da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin idan ya haɗu da zafi mai yawa yana fitar da iska mai guba. Sannan sai fulaks, wato maganin da ke wanke ƙarfe domin dalma ta kama shi. Irin wanda ke cikin dalmar gyaran rediyo ba shi da ƙarfin da zai wanke ƙarfe. Wayar da aka rufe da zinki tana son mai sinadarin zinki kulorayid, wayar da ba ta tsatsa kuwa tana son wanda aka yi dominta, mai asid na fosforik, kuma ita ta fi wuyar kama dalma. Ga mai koyo, na fi son ya fara da mai rufin zinki.

Ka ɗiga fulaks a kan dunƙulen da cikin ramin kawai, kada ya gangaro jikin waya, domin duk inda fulaks ya bi, dalma za ta bi shi. Ka riƙe wayar da filaya a daidai saman kan, ka tsoma a hankali har dalma ta rufe kan tagullar, kada ta wuce. Za ka ji ƙara na ɗan lokaci, idan ta lafa kuma ka ga dalma ta leƙo ta ƙaramin bakin ramin, ka ɗago ka riƙe ba motsi har ta daskare. Idan dalma ta hau jikin waya ta sandare ta, wurin da sandarewar ta ƙare shi zai riƙa ɗaukar dukkan lanƙwasa, kuma a nan za ta karye. Filayar da ka riƙe da ita tana shanye zafi, tana taimakawa wajen tsayar da dalmar.

Ka sa tabarau da safar hannu, ka yi aikin inda iska ke wucewa, ka wanke hannu bayan ka taɓa darma. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin narkakkiyar dalma yana sa ta fantsama har fuska, saboda haka ka tsoma a hankali, kada ka kusanto da fuskarka. Bayan an gama, ka wanke wurin da ruwan bekin soda domin kashe asid ɗin, ka busar, ka sa mai. Wanda ya tsallake wannan zai ga tsatsa ta cinye wayar daga cikin kan, inda ido ba ya gani.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne ƙarfen da za a yi mamatsin da shi. Ni da tagulla na yi nawa, saboda ta fi waya taushi, ba ta yi wa zare rauni ko da an matse fiye da kima, kuma ta fi sauƙin hudawa da ƙaramin baki. Ramin yana buɗewa da daɗewa, amma sai a ɗan goge fuskokin ya koma kamawa.

Tsohon Makaniki:

Ban ƙi tagulla ba, ƙanena, ga wanda zai haɗa waya uku ko huɗu ya ajiye. Ni da nake aikin kullum na fi son baƙin ƙarfe, domin saman tagulla yana daddagewa da bugu, kuma idan an kashe kaifin ramin da kyau ban ga ƙarfe ya cuci waya ba.

Akwai abin da bai kamata mu bari ya wuce ba, wato awo. Abin da ke sa waya ta yi aiki ko ta ƙi ba tsawonta gaba ɗaya ba ne, bambancin da ke tsakanin wayar ciki da kube ne. Idan ka jawo wayar ciki gefe ɗaya har kan ɗaya gefen ya daki bakin kube, abin da ya fito waje shi ne awon da kake bukata. Tunda kana da tsofaffin wayoyin, ka auna wannan a jikinsu, domin ko ka ƙara tsawon kube saboda sabon kan babur, wannan bambancin ba ya canzawa matuƙar liba da kafireto ba su canza ba. Sai dai ka tuna cewa tsohuwar waya ta ɗan miƙe, kuma kubenta ya ɗan tsuke, saboda haka ka rage kaɗan.

Ka fara yanke kube. Ka shimfiɗa shi a kan babur ta hanyar da zai bi, ka juya kai har ƙarshe dama da hagu, ka tabbata ba ya ja kuma ba ya karyewa. Ka yanke da faifan yankan ƙarfe, ka goge bakin ya miƙe, ka buɗe robar ciki idan ta toshe, ka sa hulunan ƙarfe a bakunan biyu. Ka haɗa kai ɗaya na wayar ciki, ka zura ajasta, wato sukurun da ake daidaita sakin waya da shi, da duk abin da zai shiga, domin bayan an kafe kai na biyu babu abin da zai sake shiga. Ka ɗaura komai a babur, ka mayar da ajasta ciki kusan ƙarshe, sannan ka yi alama a daidai inda kai na biyu zai zauna. Daga alamar ka ƙara abin da dunƙule zai ci kafin ka yanke. Ka naɗe wurin yanka da salatif domin kada zaren su bazu kamar bakin tsintsiya tun kafin ka zura kan.

A wayar totur, abin da ke fitowa daga kube yakan yi gajarta har ya zama babu wurin da kan tagulla zai zauna a ƙasan mamatsi. A irin wannan hali sai ka ɗora kan a saman mamatsin, wayar ta fito ta cikinsa, ka buga dunƙulen kai tsaye a cikin faffaɗan bakinsa. Wannan ma dalili ne na kada ka yi ƙarafan da faɗi sosai.

Mai Kula da Birki:

Ina gaida manya. Ba a amsa tambayar ƙarshe ba, kuma a ganina ita ce mafi nauyi. Idan wayar kuloci ta zame, mutum zai tura babur ko ya lallaɓa ya isa gida. Idan wayar birkin gaba ta zame, tana zamewa ne a lokacin da ya fi bukatarta, saboda a lokacin ne yake matsawa da iyakar ƙarfinsa, kuma liba tana ninka ƙarfin hannu sau da yawa kafin ya isa waya. Shawarata ita ce idan akwai wayar birki ta kamfani da ta dace, ko za a iya sa ƙwararre ya haɗa, a yi hakan. Idan babu, to kada wayar birki ta zama ta farko da mutum zai koya a kanta.

Ka yanka gutsattsarin waya ka haɗa musu kawuna na gwaji. Ka raba wasu gida biyu da zarto ka duba ciki: ya kamata ka ga dalma ta cika tsakanin kowane zare, babu rami babu baƙi. Ka rataye wasu ka ɗora musu nauyi mai yawa, ko ka ja su da sanda har wani abu ya saki. Haɗin da ya yi kyau, wayar ce za ta tsinke kan yana nan a wurinsa. Sai ka ga wannan sakamakon yana maimaituwa kafin ka yi tunanin birki. Kan sukuru kuwa na fita kunya ne a hanya, bai kamata ya kusanci birki ba ko na yini ɗaya.

Totur ma ba abin rainawa ba ne. Zare ɗaya da ya tsinke ya maƙale a cikin kube zai iya riƙe totur a buɗe. Bayan ka ɗaura, ka murɗa ka saki, ya koma da kansa nan take. Ka tayar da inji ka bar shi a sulo, ka juya kai dama da hagu har ƙarshe, idan ƙarar injin ta ƙaru, wayar ta yi gajarta ko hanyarta ba daidai ba ce. Yawancin babura suna son sakin milimita 2 zuwa 6 a hannun totur, da milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen libar kuloci, amma littafin babur ɗinka shi ne abin bi.

Mai Tsohon Babur:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙera mamatsin da baƙin ƙarfe kamar yadda Baba ya ce, kuma dabarar kwalin ta yi aiki, domin wayar ba ta motsi ko kaɗan. Kawunan gwajin da na raba sun cika da dalma. Birki zan dakata da shi tukuna. Abu ɗaya ya rage mini: wayar ciki da na samo iri biyu ce, ɗaya mai laushi ɗaya mai ɗan tauri, kuma mai taurin tana wahalar dunƙulewa. Wacce zan sa a ina? Sannan kan da na haɗa na kuloci yana shiga ramin liba da ƙyar.

Tsohon Makaniki:

Madalla, ɗana. Ka duba bakin kowacce da kyau. Mai laushin za ka ga igiyoyi 7 ne aka murɗe, kowace igiya da zare 7, jimla 49. Mai taurin zare 19 ne masu ɗan kauri aka murɗe wuri guda. Mai zare 49 ta fi jure lanƙwasa, shi ya sa ta dace da totur, inda waya ke naɗewa a jikin hannu tana bin ƙananan kwana. Mai zare 19 ba ta miƙewa sosai, saboda haka ta fi dacewa da kuloci da birki idan hanyarsu ba ta da kwana mai tsanani. Wajen dunƙule ta, ka bar ɗan tsawo fiye da na ɗayar, ka ɗan warware murɗin bakin da filaya kafin ka kifa mabugi, ka yi amfani da babban kwarmi.

Batun kan da ke shiga da ƙyar kuwa, kada ka hau babur da shi a haka. Dole kan ya riƙa juyawa a cikin ramin liba duk lokacin da ka matsa. Idan ya kafe, wayar ce za ta riƙa lanƙwashewa a madadinsa, kuma wannan ne ya sa yawancin wayoyin kuloci suke tsinkewa a daidai liba. Ka goge ragowar dalmar da ƙaramin magagari har jikin kan ya koma zagaye, ka kula kada haƙoran magagari su taɓa waya, kada kuma ka ci dunƙulen da kansa. Ka duba ramin libar ma, domin a tsohon babur yakan goge ya yi kaifi ta gefe ɗaya. Ka daidaita shi, ka sa giris kaɗan, ka gwada juya kan da yatsa kafin ka ɗaura wayar a ƙasa.